Kamfanin Kai Saƙo Mai Sito: Wace Manhaja Ce Za Ta Riƙe Maka Aiki?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

  

Maganar tamu ta yau ta shafi matasan da suka shiga harkar kai saƙo, wato dilibari. Duk wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja ya ga yadda babura masu akwati a baya suka yi yawa a kan titi. Mai sayar da atamfa a Instagram su take kira, mai turaren wuta a WhatsApp su take kira, ɗan kasuwar waya a Farm Centre shi ma su yake kira. Da yawa daga cikin masu waɗannan kamfanoni sa'o'ina ne, sun gama makaranta, aikin gwamnati bai samu ba, suka fara da babur ɗaya ko biyu da wayar hannu. Allah ya sa albarka, aiki ya buɗe, suka kama shago suka mayar da shi sito, suka fara tura kaya gari zuwa gari. To a daidai wannan gaɓar ne littafi da biro da guruf ɗin WhatsApp suke gazawa, mutum ya fara neman manhajar kwamfuta da za ta riƙe masa lissafi. Manhajojin kuwa sun yi yawa a kasuwa, kowane mai talla yana rantsuwa tasa ce ta fi. Yau za mu duba yadda ake zaɓe.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa a ciki, ba manhaja ba ce kawai? Ai abin da ke cikin sito ba naka ba ne, amana ce. Leshi ɗaya ya ɓata, wata baiwar Allah da ke sana'a a cikin gida ta rasa ribarta ta wata guda. Kuɗi ya yi giɓi, a kan yaron da ke tuƙa babur ake fara ɗora laifi, a yanke masa albashi ko a kai shi caji ofis, alhali wataƙila a sito aka yi kuskuren. Saboda haka zaɓen manhaja magana ce ta dukiyar mutane da mutuncin ma'aikata.

Bari mu fara da ita kanta cibiyar, me ya sa ake buɗe ta? Ka ɗauka kana da garuruwa goma da kake kai kaya. Idan ka ce kowane gari sai an haɗa shi da kowane gari kai tsaye, hanyoyi 45 kake buƙata, kowace da motarta, kuma yawancin motocin za su tashi ba su cika ba. Amma idan ka zaɓi gari ɗaya a cikinsu, misali Kaduna, ka ce kowa ya kawo kayansa nan a tantance a sake lodi, hanyoyi tara sun ishe ka. Da wannan dabarar kamfanin FedEx na Amurka ya tashi. A daren da ya fara aiki, cikin watan Afrilun 1973, jirage 14 ne suka ɗauki saƙonni 186 zuwa birane 25, kuma birnin Memfis ne matattararsu. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, fataken da ke zuwa Gwanja fataucin goro suna da zango, inda ake sauke kaya a huta a sake ɗauri. Sai dai kuma zangon nan yana da tasa matsalar: duk inda kaya ya sauka ya sauya hannu, nan ne yake iya ɓata.

Ku biyo ni mu ƙirga hannuwan da saƙo ɗaya yake bi daga Kantin Kwari zuwa wani gida a Abuja. Mai babur ya karɓo daga shago. Ya miƙa wa mai karɓar kaya a sito. An auna, an liƙa lamba, an ajiye a kanta. Da yamma wani ya ɗauko ya zuba a buhun Abuja. 'Yan lodi sun ɗora a mota. Direba ya kama hanya. A can wani ya sauke, ya kwance buhu, ya raba unguwa-unguwa. Wani mai babur ɗin ya ɗauka ya kai ƙofar gida. Idan bai samu mai kayan ba ya dawo da shi sito, gobe a sake. Kun ga hannu bakwai ko takwas kenan. Saboda haka ma'aunin farko na kowace manhaja shi ne, a kowane lokaci ta iya faɗa maka ina saƙon nan yake, a hannun wa yake, kuma tun ƙarfe nawa. Wadda ba za ta iya amsa wannan cikin daƙiƙu kaɗan ba, komai kyawun launinta, ba taka ba ce.

To a nan akwai tarkon da nake so a lura da shi sosai. Manhajojin da ake tallatawa da sunan harkar sufuri da kaya gida uku ne, kuma masu talla ba sa cika bambance su.

Gida na farko su ne manhajojin kula da sito, za ku ji ana kiransu WMS. An gina su ne domin wanda ke ajiye haja iri ɗaya da yawa, misali katan ɗari biyar na sabulu. Abin da suka iya shi ne su faɗa maka nawa ya rage, a kanta ta nawa yake, wanne ya riga shigowa don ya riga fita. Gida na biyu su ne na kula da motoci da tafiye-tafiye, ana kiransu TMS, su ne masu tsara wace mota za ta bi wace hanya da wane lodi, da lissafin mai da na direba. Gida na uku su ne na raba wa masu babur aiki a cikin gari, masu nuna maka babur yana tafiya a kan taswira. Waɗannan na ukun su suka fi ɗaukar ido, kuma su matasa suka fi saye. Amma da yawansu an gina su ne a kan tsarin kai abinci: a ɗauka a nan, a kai can, shi kenan. Ba su san da wani sito a tsakiya ba, ba su san buhu ba, ba su san mota tsakanin gari da gari ba. Da zarar saƙo ya kwana a wurinka sai manhajar ta rikice, ma'aikata su koma rubutu a takarda.

Ita ma WMS zalla ba za ta yi maka daidai ba, domin kayanka ba haja ba ce. Kowane ƙunshi shi kaɗai ne irinsa, yana da mai shi, yana da inda za shi, kuma burinka kada ya wuce kwana ɗaya a sito. Abin da kamfanin kai saƙo mai cibiya yake nema shi ne manhajar da ta ɗauki ƙunshi ɗaya a matsayin tushen lissafi, ta bi shi daga karɓa har miƙawa, ciki har da zaman sito da tafiyar mota. Sai fa idan kana ajiye wa masu sayarwa a intanet hajarsu, suna turo maka oda kana ɗaurewa kana aikawa. To a nan kam kana buƙatar ɓangaren ƙirga haja a haɗe, kuma dole manhajar ta iya raba kayan Hajiya wance da na Alhaji wane, kowa ya ga nasa kaɗai.

Yanzu bari mu shiga tambayoyin da za ka yi wa mai talla. Wanda ke da biro ya rubuta.

Ta farko, sikanin. Shin manhajar tana buga wa kowane saƙo lambarsa a sitika, irin lambar nan mai layi-layi ko mai murabba'i da ake kira QR, kuma tana tilasta a haska ta duk lokacin da kaya ya sauya hannu? Wannan fasaha ba sabuwa ba ce, tun 1974 aka fara haska lamba mai layi-layi a wani kanti a jihar Ohayo ta Amurka, QR kuma wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ya ƙirƙiro ta a 1994. Amfaninta shi ne tana kawar da kwafar lamba da hannu. Mutumin da ya gaji da ƙarfe tara na dare zai rubuta 6 a wurin 9, kyamara ba za ta yi haka ba. Ka tambaya ko kyamarar wayar Android ta gama-gari za ta iya yin aikin, ko sai ka sayi na'urar haskawa ta musamman. Ka kuma tambaya wace irin firinta take aiki da ita. Ƙaramar firintar sitika mai bugawa da zafi ba ta shan tawada, amma rubutunta yana dusashewa idan ya daɗe a rana, saboda haka ka gwada sitikar a kan buhu da leda, ka ajiye a rana ka gani.

Ta biyu, buhu da takardar lodi. Wannan ita ce tambayar da ke tona asirin manhajar da ba ta san aikin cibiya ba. Ka ce masa ya nuna maka yadda ake zuba saƙo 40 a buhu ɗaya, a ba buhun lambarsa, a rubuta lambar hatimin da aka ɗaure bakinsa da shi, sannan a ɗora buhu goma a mota ɗaya a fitar da takardar lodi mai sunan direba da lambar mota. Idan an haska buhun, ya kamata duk saƙonnin da ke ciki su nuna sun tashi. Sannan ka ce masa, to an isa Abuja an kwance, an haska 39, me zai faru? Manhaja ta gari nan take za ta ɗaga jan tuta, ta faɗi lambar wanda bai iso ba, da sunan wanda ya haska shi na ƙarshe. Idan sai bayan kwana huɗu da kwastoma ya kira yana faɗa za ku san abu ya ɓata, to an riga an makara, direba ya yi sawu biyu, kowa zai ce ba a hannunsa ba ne.

Ta uku, kuma a ganina ita ce mafi nauyi a ƙasarmu, kuɗi. Mutanenmu da yawa ba sa biya sai kaya ya iso sun gani da idonsu. Wato kamfaninka ya zama mai karɓar kuɗin wasu. Bari in ba da misali. Yaro ya fita da saƙo 20, guda 12 a ciki na biya-a-hannu ne, jimillarsu naira 180,000. Ya kai goma, biyu masu kayan ba sa gida, kuɗinsu 30,000. Da yamma abin da ake binsa shi ne 150,000 da ƙunshi biyu. A cikin kuɗin wasu sun ba shi tsaba 60,000, wasu sun yi tiransifa 90,000. Manhajar da ta dace za ta fitar da wannan lissafin da kanta, ta ware tsaba daban, tiransifa daban, POS daban, shi da mai karɓar kuɗi su tabbatar a gaban juna, a rufe ranar. Daga nan ta cire kuɗin aikinka, ta nuna nawa za a tura wa kowace mai kaya da ranar da za a tura.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka rungumi tiransifa, kuma ta zo da nata ciwon kan. Akwai alat na bogi, akwai wanda zai tura kuɗi asusun mai babur na kansa, akwai kuɗin da zai shigo ba a san na wane saƙo ba ne. Saboda haka ka tambaya ko manhajar tana haɗuwa da kamfanonin biyan kuɗi na cikin gida, irin su Paystack ko Flutterwave ko Moniepoint, ta yadda kuɗi na shigowa za ta gane na wane saƙo ne, yaron ya ga tabbaci a wayarsa kafin ya saki kaya. Yawancin manhajojin da aka gina don Turai da Amurka sun ɗauka an riga an biya da kati tun wajen oda, wannan ɓangaren nasu rarrauna ne. Kuma ina so masu kamfani su ji wannan da kyau: lissafi mai tsabta kariya ce ga yaranku. Idan akwai shaidar wanda ya karɓi me da ƙarfe nawa, ba za a zalunci mai gaskiya ba, marar gaskiya kuma ba shi da wurin ɓuya.

Ta huɗu, idan babu sabis fa? Sito galibi gini ne mai rufin kwano a bayan kasuwa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Hanyar gari zuwa gari ma akwai wuraren da waya ba ta kamawa. Kuma ba mu manta da watan Maris na 2024 ba, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkar banki ta taɓu. Manhajar da ta dace za ta bar ma'aikaci ya ci gaba da haska kaya ba intanet, ta adana a wayar, sabis na dawowa ta tura da ainihin lokacin da aka yi aikin. Kada ka yarda da "eh tana yi" a baki, gani ya kori ji. Ka karɓi wayar ka kashe data da hannunka, ka haska ƙunshi goma, ka kunna ka ga abin da zai faru. Kuma ka yi gwajin a kan irin wayar da yaranka ke riƙewa, ƙaramar Tecno ko itel, ba babbar wayar mai talla ba. Ka lura da yadda take shan caji, domin manhajar da ke bibiyar wurin da mutum yake ba hutawa tana iya cinye batiri kafin la'asar.

Ta biyar, adireshi. Mu nan kwatance muke yi: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai jan get kusa da mai shayi. Nijeriya tana da lambar gidan waya mai alƙaluma shida, amma mutum nawa ne suka san ta unguwarsu? Wasu manhajojin waje ba za su bari ka buɗe saƙo ba sai ka cika lambar gida da sunan titi da lambar gidan waya, sai ma'aikata su dinga zuba ƙarya don su wuce. Ka nemi wadda ke da fili na rubuta kwatance, tana karɓar wurin da kwastoma ya turo ta WhatsApp ko lambar Plus Codes ta taswirar Google, kuma idan an kai kaya sau ɗaya ta adana ainihin wurin, don gobe sabon yaro kada ya sake yawon nema. Masu talla suna son nuna yadda manhajarsu ke zana hanya mafi kusa. Yana da amfani, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Amma taswira ba ta san lungunan cikin Birni kamar yaron da ya tashi a Jakara ba. Abin da ya fi yi maka amfani a sito shi ne ka iya raba gari shiyya-shiyya da kanka, Hotoro daban, Rijiyar Zaki daban, Kurna daban, sitikar ta fito da sunan shiyyar ɓaro-ɓaro, mai tantancewa ya kalla sau ɗaya ya san kejin da zai jefa.

Ta shida, kayan da ba su samu shiga ba. An je ba a samu mutum ba, waya a kashe, ko ya ce ya fasa. Irin waɗannan su ne ke taruwa a lungun sito har ƙura ta rufe su. Manhajar ta tilasta wa mai babur ya zaɓi dalilin dawowa, ta ƙirga sau nawa aka gwada, kuma kullum da safe ta nuna wa manaja jerin duk abin da ya wuce kwana biyu ko uku a kanta, da inda aka ajiye shi. Wanda kuma aka miƙa, a samu shaida. Hanya mafi ƙarfi ita ce lambar sirri da ake tura wa mai karɓa ta tes, ya karanta wa yaron kafin a ba shi kaya. Hoto ma yana taimakawa, amma a kula, a gidajenmu ba ko'ina ake ɗaukar hoton matan aure ba, hoton ƙunshin a ƙofar gida ya wadatar.

Ta bakwai, yanke farashi. Mota da girma take cika kafin nauyi. Shi ya sa manyan kamfanoni irin su DHL suke lissafin nauyin girma: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 50 da 40 da 30 zai ba ka kilo 12, ko da filo ne a ciki mai kilo uku a sikeli. Idan manhajarka sikeli kawai ta sani, kana ɗaukar iska kyauta. Ta kuma ba ka damar sa farashi bisa shiyya da gari, da rangwame ga mai kawo kaya da yawa, kuma kai da kanka ka iya sauya farashin ranar da mai ya tashi, ba sai ka jira injiniya ba.

Ta takwas, wa ke ganin me, wa ke iya goge me? Kowane ma'aikaci ya kasance da nasa sunan shiga, a daina amfani da lambar sirri ɗaya a sito gaba ɗaya. Mai tantance kaya ba ruwansa da sauya kuɗin saƙo. Duk gyaran da aka yi ya bar sawu: wa ya yi, yaushe, me yake a da. Sannan ku tuna sunaye da lambobin waya da adireshin gidajen mutane ne a hannunku, kuma yawanci na mata ne. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke sa ido a kai. Manhajar da ke barin kowane yaro ya sauke jerin lambobin kwastomomi gaba ɗaya haɗari ce gare su da kai. Ka kuma tambaya tun kafin ka sa hannu: ranar da na ce zan tafi, zan iya kwashe bayanaina duka a Excel? Idan ya fara kame-kame, ka yi hattara. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

To sai maganar kuɗin ita manhajar. A nan a yi lissafin shekara, kada a tsaya a farashin wata na farko. Idan da dala ake biya, ka tuna abin da ya faru da naira. A tsakiyar 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda ke biyan dala 100 a wata, kuɗinsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Wasu kuma a kan kowane saƙo suke caji, sai ka ji kamar ba komai. A ce naira 50 ce, kana juya saƙo 300 a rana, kwana 26 a wata, naira 390,000 kenan. Wasu a kan yawan ma'aikata suke caji, wanda hakan ke jawo mutane su dinga raba sunan shiga ɗaya, shi kenan an rusa batun sanin hannun da kaya yake. Ka haɗa da kuɗin tes, da sitika, da data, da firinta, da horar da ma'aikata. Sannan idan abu ya tsaya da ƙarfe takwas na daren Asabar, mota tana jiran lodi, wa za ka kira? Akwai mutum mai ɗaga waya a lokacinmu, ko sai dai ka tura imel ka jira Litinin?

Akwai masu tambayata, ba gara in sa a gina mini tawa ba? Ina cikin masu son a ba matasanmu masu rubuta manhaja aiki, muna da su a Kano da Kaduna da Jos, kuma sun san kwatance da tiransifa fiye da Bature. Amma a yi shi da tsari. Manhaja ba gini ba ce da za a gama a miƙa makulli, kullum tana son gyara. Idan mutum ɗaya ne ya rubuta, ranar da ya samu aiki a waje ko kuka saɓa, kamfaninka ya tsaya. A rubuta yarjejeniya cewa ainihin rubutun manhajar da asusun da take zaune a kai mallakinka ne, a kuma yanke kuɗin kulawa na wata-wata. Akwai hanya ta tsakiya, wato manhajoji masu buɗaɗɗen tushe irin su Odoo da ERPNext, waɗanda suka zo da ɓangaren sito da na lissafin kuɗi, sai a ɗauki gwani ya ƙara musu abin da ya shafi kai saƙo. Kyauta ce wajen saukewa, amma gwanin da wurin ajiye bayanan ba kyauta ba ne.

Kuma kada a ɗauko abin da ya fi ƙarfin aiki. Mai babur uku da saƙo talatin a rana, Google Sheets mai tsari da lambar rasit sun ishe shi tukuna. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Alamar lokaci ya yi ita ce ka buɗe reshe na biyu, ko kaya ya fara kwana a wurinka, ko rufe lissafin yamma ya fara cin awa biyu.

Idan ka tace ka rage biyu ko uku, ga yadda za a gwada. Kafin ka kira kowane mai talla, ka zauna da mai kula da sito da mai karɓar kuɗi da mutum biyu cikin masu babur, ku rubuta yadda kuke aiki a zahiri, mataki-mataki. Da wannan takardar za ka auna su. Ka nemi gwaji na sati biyu a kan hanya ɗaya, misali Kano zuwa Kaduna, da kaya na gaske, littafinku na da yana tafiya a gefe. Da gangan ka ɓoye ƙunshi ɗaya ka ga yaushe manhajar za ta farga. Ka sa a biya rabin kuɗi tsaba rabi tiransifa. Ka ba yaron da bai fi kowa boko ba wayar, ka ga ko zai iya aiki da ita bayan bayanin minti goma, domin idan ta yi musu wuya za su zagaye ta, kai kuma ka zauna a ofis kana kallon alƙaluman ƙarya. Ka roƙi mai tallar ya haɗa ka da wani kamfani mai girmanka da ke amfani da ita, ka je sitonsu da yamma lokacin lodi ka tsaya ka kalla. Sauyin kuma kada a yi shi a goman ƙarshe na azumi ko gab da Babbar Sallah, lokacin da kayan sallah suka cika sito. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa.

Abu ɗaya kafin mu rufe. Manhaja ba ta maye gurbin lasisi. Hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ita ke ba kamfanonin kai saƙo izinin aiki a Nijeriya, wanda ke son manyan kamfanoni su ba shi kwangila ya gyara takardunsa. Haka kuma manhaja ba ta gyara sito marar tsari. Idan kanta ba ta da lamba, ƙofa a buɗe kowa na shiga, ko manaja da kansa yana sakin kaya ba a haska ba saboda mai shi ɗan uwansa ne, to ko wacce ka saya haka za ta koma. A fara da lamba a kan kanta, da layi a ƙasa mai raba kayan shigowa da na fita, da doka ɗaya da ta hau kan kowa har mai kamfani: abin da ba a haska ba, ba ya motsi.

A nan za mu dakata a yau. Masu wannan sana'a, musamman 'yan uwa masu tuƙa babur da masu aikin sito, ku faɗa mana abin da kuke gani a wurin aikinku, wace manhaja kuke amfani da ita, a ina take ba ku wahala. Wanda ya san wani mai shirin buɗe sito ya tura masa wannan rubutun. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mana matasanmu a kan hanya.